Ruwa a Bakin Adakar Baba

Abin da na fara gani ba fuskarsa ba ce, tabarmar da ke saɓe a kafaɗarsa ce. Doguwa, a naɗe tamau, an ɗaure ta wuri uku da jan zare. Ina bakin rijiyar garinmu, gabas da Agiye a hanyar Gazawa, ina jiran guga ta taɓo ruwa, sai ga shi ya ɓullo daga arewa bayan shanu bakwai da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu tun daga nesa. Saurayi ne Bafillace, dogo, leɓɓansa sun tsage. Da ya zauna bai yar da tabarmar a ƙasa ba, ya kwantar da ita a cinya kamar mai rarrashin jariri. A nan zuciyata ta tafi, ina da shekara goma sha shida.

A bazarar babban fari ne, na farko. Daga baya, da na yi aure, na karanta ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a kasuwar Cadawa har ban san adadinsu ba, kuma duk jarumin da na gamu da shi a ciki da idon wannan saurayi nake ganinsa. Amma tun kafin littattafan kaina ya iya ƙirƙira. Kafin in kai tulu gida na riga na gama tsara masa labari: ɗan babban gida ne, ya ratsa daji shi kaɗai, kuma abin da ke cikin tabarmar bindiga ce.

Danginsa suka sauka bayan gari. Mai gari ya raba rijiya: mu da safe, makiyaya bayan azahar. Ruwan kuwa kullum ƙara nisa yake, ana ta ƙulla igiya a kan igiya.

Bindiga ɗaya ce a garinmu, adakar Baba, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Gado ce daga kakansa da ya zo da ita daga wajen Katsina, ba ta da takarda. Sau biyu a shekara take magana, ranar ganin watan azumi da ranar ganin watan salla. Albarushi da tsumma kawai Baba ke ɗura mata. Ni da na tashi ina ganinta a rataye, ban taɓa ɗaukarta abin kashe mutum ba.

A lokacin maganar bindigogi ta cika kasuwanni. 'Yan majalisa biyu, mu muna ce musu depite, sun rabu a kai. Namu, tsohon mushen lakol, wato malamin makaranta, siriri mai tabarau, yana ganin a karɓe duk bindigogin ƙauyuka a ajiye a buro, ofishin hukuma, har ruwa ya sauka, don mai jin yunwa da ƙishirwa ba ya shawara da kowa kafin ya harba. Ɗayan, attajiri daga wajen Gidan Rumji, yana cewa jandarma ba su isa su tsare kowane rumbu ba, a bar wa mutum abin da zai kare gidansa. Maza suna zama gindin gawo suna juya maganar. Kawu, ƙanen Inna, yakan tsokani Baba ya ce adakar da ba ta taɓa kashe ko kurciya ba me depite zai yi da ita, sai dai ya dama fura. Baba yana dariya. Har ya faɗa wa Inna cewa in aka zo karɓa zai bayar, muddin za a ara masa ita ranar ganin wata.

Ni na ɓata wannan. Wata safiya 'yan mata suna yi wa baƙon dariya, wai ƙafafunsa kamar karan dawa. Raina ya sosu. Na ce su yi a hankali, ba sa'ansu ba ne, ni da idona na ga bakin bindiga ya leƙo daga tabarmarsa, baƙi wuluk, irin ta soja. Ban ga komai ba. So nake su ji tsoronsa kaɗan, su san wanda nake kallo ba kowa ba ne.

Kafin la'asar maganar ta shiga kowane gida. Kwana biyu bayan haka ta zama bindiga uku, an ce har da akwatin harsashi a ƙarƙashin kayan jakinsu. Ba wanda ya ƙara tuna daga bakin wa ta fito. Ni na tuna. Tuwon dusa da ake ba mu sau ɗaya a yini na riƙa barinsa a kwano.

A makon ne depite mai tabarau ya zo da mota. Muna leƙe ta katangar zana. Ya yi magana a hankali, ya ce ba doka ba ce tukuna, roƙo ne, wanda ya kai tasa buro za a ba shi takarda, a mayar masa bayan girbi. Baba ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, tawa kowa ya san inda take rataye. Waɗanda tasu ke cikin tabarma fa?"

Depite ya ce su ma za a je gare su. Wani dattijo ya ce kafin a je an gama da mu, ai gara maganar na Gidan Rumji, shi ya san ƙauye. Depite ya cire tabarau ya goge, ya ce da shi da abokinsa duka tsoro suke ji, bambancin kawai shi ya taɓa wanke gawar ɗalibinsa da aka harba a kan iyakar gona. Ya shiga mota ba bindiga ko ɗaya.

Washegari da hantsi na ji ƙwal ƙwal a bayan ɗaki. Na zagaya na tarar da Baba zaune da guduma yana yanka tsofaffin ƙusoshi guntu-guntu a kan dutse. Ya zuba albarushi, ya tura tsumma, sannan ya ɗebi guntayen ƙusar ya ɗura, ya danna da sandar ƙarfe. Bai dube ni ba. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na tuna Baba ya tsaya gaban depite da gari duka a kan maganata. Na koma na zauna kusa da turmi. Sau uku a kwana uku ina zuwa bakin ɗakinsa ina komowa. Duk lokacin da na ga saurayin daga nesa sai in dubi farar rigarsa wajen ƙirji, in rufe ido.

Rana ta huɗu saniyar makiyayan ɗaya ta faɗi, ta kasa tashi. Ba su jira azahar ba, suka koro sauran zuwa rijiya tun rana ba ta take ba, muna tsakiyar ja. Mata suka watse da tuluna, wata tana ihu wai sun zo ƙwace rijiya. Ni ban gudu ba. Na ga maza sun fito da fartanyu da sanduna, Baba a gaba da adaka. Saurayin ya tsaya gaban shanunsa, tabarmar a kafaɗa, dattawansa biyu a bayansa. Baba ya ce ya ajiye abin da ke kafaɗarsa. Saurayin ya ce da Hausarsa mai karkacewa ba zai ajiye a ƙasa ba, wurin duk kashin shanu ne. Ya ɗaga hannu zai gyara ta. Na ji Baba ya ja kunama, ƙarar ta yi kamar an karya ƙashi.

Ban san yadda na isa tsakaninsu ba. Bakin bindigar na kallon wuyana, ina jin warin albarushi.

"Baba, ƙarya na yi. Ni na ce na gani. Ban ga komai ba."

Baba ya tambaye ni sau ɗaya ko na san abin da nake faɗa. Na ce na sani. Saurayin ya dube ni, karo na farko ke nan da ya dube ni, kuma ba irin duban da na yi ta mafarki ba ne, duban mamaki ne kawai. Ya cire rigarsa ya shimfiɗa, ya ɗora tabarmar, ya kwance jan zaren ɗaya bayan ɗaya. Sandunan gado ne guda shida, masu sassaƙa, sun yi santsi don tsufa. Ya ce na mahaifiyarsa ne, ta rasu a hanya, zai kai wa yayarsa da ke aure wajen Sae Sabuwa.

Saura adaka. Irinta in an ɗura ba ta fitar da abin cikinta da sauƙi sai an harba. In kuwa ta tashi, makiyayan da ke bayan gari da mutanenmu da ke cikin gida duk za su ɗauka an fara. Baba ya mayar da kunamar a hankali, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya tsayar da ita a ƙasa, baki sama, ya ce a ba shi ruwa. Guga ɗaya ce a waje, rabinta laka, wadda saurayin ya karɓa don saniyarsa. Shi ya ɗauko ya tsiyaya a bakin bindigar har ta cika ta tumbatsa. Kawu ya ce to, yau dai adaka ta sha kafin shanu. Ba wanda ya yi dariya, amma fartanyu suka sauka.

Baba bai doke ni ba. Wata biyu bai kira ni ba, in yana son abu sai ya ce wa Inna a gaya wa waccan. Ranar kasuwa ya naɗe adakar a buhu ya kai buro a Agiye, ya dawo da 'yar takarda. Makiyayan sun tashi bayan kwana biyar da shanu biyar, biyu sun mutu. Da azumi ya zo, tsohuwar tasar ƙarfe aka buga da muciya a madadin adaka. Shekara ba ta zagayo ba soja suka karɓi mulki, majalisa ta watse, maganar depite biyu ta tsaya inda take. Baba bai je neman adakarsa ba har ya rasu.

Bayan fari na biyu, ina da 'ya'ya huɗu, na je Agiye gaisuwar mutuwa. A gidan aka kira mai ga-ruwa, ya shigo da garwa biyu a sanda. Furfura ta fito masa, kafaɗar ta yi kanta, amma tsayin yana nan. Na tambaye shi ko sandunan gado sun isa Sae Sabuwa. Ya ajiye garwa ya daɗe yana kallona, sannan ya yi dariya ya ce ashe yarinyar rijiya ce. Sun isa, yayarsa ta haifi 'ya'ya biyar a kan gadon. Shanu kam babu ko ɗaya, yana da mata da 'yan mata uku a bayan tasha. Na ce har yau ina mamakin yadda ya tsaya ranar bai ko motsa ba. Ya ce ai duk makiyaya sun sani, adakar garinmu ta ganin wata ce, hayaƙi ne kawai a cikinta.

Na gaya masa zancen ƙusoshin. Dariyar ta ɗauke. Ya zauna a bakin randa, ya nemi ruwa, na ɗebo masa a cikin wanda ya kawo. Ya shanye, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya ci gaba da kai ruwa gidajen Agiye har ƙafa ta gaza, ya aurar da 'yan matansa duka uku, ya rasu a ɗakin babbarsu da tsufansa.