Tsohon da Bai Taɓa Kiran Sunana Ba

Wuya dai mun sha ta, ba sai na tsawaita ba. Amma cikin duk abin da shekarar farin nan ta yi mani, akwai guda da ba zai bar raina ba har in shiga rami.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa. Gero ya ƙone a gona, awakina suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na bar matata a ƙauyenmu na wajen Tawa da jinjiri a baya, na ce mata zan nemo hatsi a Yamai. Ƙarya nake yi. Niyyata in wuce Abijan, kada in sake waiwayowa.

Kawuna ne ya yi mani kwatancen wani tsoho a Kirkisoye, hayin kogi, ɗan garinmu da ya daɗe a Kurmi, can kudu, ya dawo yana gyaran takalma. Da na isa, tsohon ya ba ni tabarma a zaurensa. Da rana in yi ga-ruwa, da yamma in zauna ina kallon bango.

Wata uku tsohon nan bai kira sunana ba. "Kai, wannan," shi ke nan. Ba ya sa hannu a akushi ɗaya da ni, ba ya haɗa ido da ni, alhali kowa a unguwar da sunansa yake kiran shi. Na ɗauka raini ne. Ni da aka ce ubana ya mutu a hanyar Kurmi tun ina goye, ai na saba da rashin mai kula.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa mai fura, mutuniyar Maradi, ta tsaya a ƙofa, ta ji ya ce mani "kai, wannan". Ta bushe da dariya.

"Malam, wannan kunya haka? Sai ka ce ɗan farinka!"

Basillar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba. Tsohuwar ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba ba sallama.

Na ce, "Tsoho, wa nake yi wa addu'a duk shekarun nan?"

Ya ajiye takalmin da ke cinyarsa, ya ce:

"Ni ma yunwa ce ta kore ni. Na ce wa uwarka wata uku zan yi. Da ta gaji da jira, ta ga gara ta ce na mutu. Da na dawo, kunya ta hana ni wuce Yamai." Ya numfasa. "An ce kana tambayar kamiyo, babbar motar da ke zuwa Abijan. Hanyar zuwa ba ta wuya, dawowar ce aiki."

Ban yi karatun lakkol ba, amma ranar na gane abu guda: ba wanda ke barin ɗansa rana ɗaya. Gobe-gobe ce ke cinye mutum har ya zama gawa yana numfashi.

Washegari da safe na jingine garewanina a ƙofarsa. Ban ce masa baba ba, shi ma bai kira sunana ba. Na ƙetare gada, na hau kamiyon Tawa da rabin buhun jar dawa.