Zare Ya Ƙare, Baba Mai Takalmi

Daga teburin Babban Likitan Ƙwaƙwalwa, mai digiri har bango ya gaza ɗauka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Takalmi, wanda rumfarsa ke kwanar layinmu. A binciken da muka yi, babu asibitin da ya kai bencinsa warkar da damuwa.

Baba, kowa ya san halinka. In mutum ya zo da takalmi, sai ka fara duba fuskarsa. In ka ga ido ya faɗa, baki ya mutu, sai ka ce, “Kash, zare ya ƙare! Taso ka raka ni mu sayo.” Ku taka har ƙarshen titi, rana na dukan ƙeya, kana tambaya: “Ka yi barci? Ka sha ruwa? Yaushe rabonka da dariya?” Kafin ku dawo ya amayar da abin da ke cinsa.

Akwai wani yaro da mahaifiyarsa ta rasu, ya daina tsokanar kowa, ya koma kwana da waya a hannu. Ka ja shi sayen zare har sai da ya ɗaure maka igiyoyin takalminka biyu wuri ɗaya. Ka yi tuntuɓe, ka tashi kana cewa, “Alhamdulillahi, ɗan banza ya warke!”

Jiya aka buɗe akwatinka. Zare ne maƙil, kala-kala, wani ko ledarsa ba a ɓare ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa tafiye-tafiyen sayen zaren nan a mizaninka. Ya ba Inna da 'ya'yanka haƙuri.

Saura kai, Kawu Direba, amininsa. Tun da aka kai shi ka rufe ɗaki, labule a sake, abinci na komawa yadda ya shigo. Muna tsoron kada a yi biyu.

Yanzu gaskiya: ba wani likita. Ni ne Ƙadangare, yaron nan mai ɗaure igiya, wanda allo kaɗai ya taɓa riƙewa. Na san in ba babban mutum ba, ba ka karanta takarda har ƙarshe.

To ka karanta. Gobe da safe zan buga ƙofarka, Kawu. Ka sa takalminka. Zare ya ƙare.