Talki-Walkin da Na Zaɓa wa Yaya Tela

A shekarar da kogi ya janye har mutanen Yamai suna taka cikinsa da ƙafa, ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a ranakun aiki, ranar Lahadi kuma mai riƙe tuta a gefen filin balo, wato ƙwallon ƙafa. Wasannin unguwa ne, a wani fili a Talladje da ba ciyawa ba katanga. Hatsi ya yi wuya, jar dawar taimako ake ci, mutanen karkara da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkokin kwali a bayan raga. Duk da haka filin cika yake yi, don kallon wasa ne kaɗai abin da ake samu ba tare da bin layi ba.

Alƙalin wasanmu, arbitir kamar yadda muke cewa, wani tela ne a unguwar Bukoki. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Gajere ne mai taurin kai, in ya busa usur ko ɗan wane ne a ciki ba ya janyewa. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Keken ɗinki ne ke ciyar da shi, usur ɗin nan kuwa shi ke sa a gaishe shi a hanya.

Ni na fara gane matsalar idonsa. Sau biyu a wasa ɗaya na ɗaga tuta, ya juyo yana fuskantata, ya bar wasa ya ci gaba. Da na matsa masa a hanyar gida, sai ya gaya mini yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na kusa yana gani dishi-dishi, allura kuma hannu ya saba da ita, amma tuta daga nesa kamar hayaƙi take. Ya roƙe ni in rufa masa asiri: in shugabannin wasa suka ji za su karɓe usur, in masu kawo ɗinki suka ji ba mai sake ba shi yadinsa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce na iya. A wajen jigilar hatsin taimako na ga Turawa suna magana da juna ta talki-walki, rediyon hannu da ake danna gefensa a yi magana. Na ce masa magani ya samu. Ni zan riƙe ɗaya, shi ɗaya, abin da tutata ta faɗa da abin da tutar ɗaya gefen ta faɗa duk in sanar da shi.

Muka je wurin wani mai kayan gwanjo a kasuwar gefen Bukoki, ya fito mana da iri biyu daga ƙarƙashin tebur. Akwai ƙanana jajaye, na wasan yara, muryarsu da ƙyar take ƙetare fili. Akwai manya baƙaƙe masu nauyin bulo, da anten, wato eriya, da ya fi kamu ɗaya tsawo, mai kayan ya rantse daga nan har unguwar Filato, can wani gefen gari, ana jin su. Yaya ya ɗauki kowanne ya jujjuya a tafin hannunsa, ya daɗe riƙe da ƙaramin.

"Ƙanena," ya ce, "faɗin fili kawai muke so mu ƙetare. Me za mu gaya wa mutanen Filato?"

Na yi masa dariya. Na ce ihun 'yan kallo zai danne muryar ƙaramin, na ce za a mai da mu abin ba'a da kayan yara a hannu. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce so nake a gan ni da babban. Mai kayan ya ambaci wata takardar izini a ƙasa-ƙasa, na ce takarda ta masu manyan harkoki ce, mu wasa muke yi. Na nace har Yaya ya sakar mini.

Da hannunsa ya ɗinka wa abin aljihu a ƙirjin baƙar rigarsa ta alƙalanci, anten ɗin yana wuce kunnensa. Lahadi biyu abin ya tafi daidai. In danna in faɗa, shi ya busa. Mutane suka ce zamani ya iso Talladje, shi kuma yana gudu a fili kamar an rage masa shekaru. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na makonnin nan ba.

Lahadi ta uku, ana hutun rabin lokaci, motar sojoji ta tsaya a bakin fili. A wancan zamani na mulkin soja ko hira ce mutane uku suke yi sai sun waiga, balle farar hula da rediyo irin na bariki. Aka karɓe na'urorin, aka zaunar da mu a ƙasa a tsakiyar fili, jama'a na kallo. Sajan ɗin ba mugu ba ne, cikin Hausarsa ta Zabarmawa ya nemi takarda, babu. Ya ce ko'ina alƙali da ido da tuta yake aiki, to da wa muke magana da abin da ke kaiwa wannan nisa? In ba mu da dalili, sai mu bi su. Tafiya irin wannan kuwa ana sanin ranar fita, ba a sanin ta dawowa.

Na ce dabarata ce, ni na sayo. Da ya ji ni direba ne mai zagaya ƙasa, sai fuskarsa ta canza, ya ce a sa ni a mota. Yaya ya san ina da mata da yara ƙanana. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Shef, ba na gani. Ƙanen nan nawa shi ne idona."

Sajan ya tura soja ɗaya bakin layi da tutata, ya tambayi Yaya ko a sama take ko a ƙasa. Yaya ya ƙura ido, ya kasa gane inda tutar take. Sai can wani ya yi dariya, wani ya tuno ƙwallon da aka ci su a wasan baya. Sajan ya ce masa kala suru, wato ya yi haƙuri, suka tafi da rediyoyin suka bar mu. Yaya ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa ɗaya mai tutar, ya fita daga filin, aljihun nan na rito a ƙirjinsa ba komai a ciki.

Abin da ya ji tsoro duk ya faru. Masu ɗinki suka riƙa zuwa da ladabi suna karɓe yadinsu, keken ya koma hannun wani. Kafin damina ya ce zai koma ƙauyensu a gabas, inda 'yar'uwarsa kaɗai ta rage masa, rumbunta kuma wayam. Ni na ɗauke shi a kamiyo. Na nemi gafararsa a hanya, ya ce abin da ya wuce ya wuce, in dubi gabana kada in jefa mu rami. Da zai zage ni da na fi jin sauƙi.

Mun kusa mahaɗar da zai sauka sai ya tambaye ni, "Ƙaramin rediyon nan, wane launi ne?"

"Ja ne, Yaya."

"Na ji daɗinsa a hannu," ya ce. "Da ya shige aljihu, ba wanda zai gan shi."

Na sauke masa jakarsa a gindin wata ƙaya, 'yar'uwarsa ta kama hannunsa suka bi turba. Ban sake ganinsa ba.