Ramin Baba da Ruwan Shuɗin Marfi

Mahaifina ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana wanke manyan motoci a gefen Talata Mafara, kan hanyar Sakkwato. Fili ne mai daɓen siminti, da rijiyar burtsatse, da wata bishiyar bedi da direbobi ke shimfiɗa tabarma a gindinta. Ni aikin koyarwa nake yi a wata firamare a Maradun, amma duk hutu nakan dawo in kama masa. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen siminti gauraye da na gas, wurin nan nake tunawa.

Abin da Baba ya fi alfahari da shi a filin shi ne wani rami da ya gina da hannunsa. Ɗaki uku ne a jere ƙarƙashin ƙasa. Ruwan wanki ya shiga na farko, yashi da laka su kwanta. A na biyu baƙin mai ya taso sama ya tsaya, ruwan ya bi ta ƙasa zuwa na uku, daga nan ya fita ta lambatu zuwa wani kududdufi da ke bayan filin. Kowace Alhamis Baba yakan buɗe marfin ya yaɗe man da tsohon kwano, ya zuba a duro. A kududdufin akwai tarwaɗa da karfasa. Wani bafulatani, dattijo mai yawan shiru, yana shayar da shanunsa a can, sannan wani manomi ɗan Bakura yana jan ruwan zuwa fangalin albasarsa.

Sai sababbin motoci suka fara zuwa, masu ɗaukar shinkafa da taki. Kusa da tankin gas ɗinsu akwai wani ƙaramin tanki mai shuɗin marfi. Ruwa ake zuba masa, garau kamar na sha, wai yana rage gubar hayaƙi. Direbobi suka dami Baba da tambayar ruwan, har ya sa aka kawo masa duro ɗaya ya ajiye a bakin daɓe.

Wata safiya a bazara, mota tana ja da baya ta goge famfon duron. Ruwan ya malalo bisa siminti. Ni ne na fi kusa. Na ga abu fari tas, ba mai ba ne, sai na ɗauki tiyo na soma kora shi cikin ramin. A zatona aikin ramin ke nan.

Baba yana wajen bedi. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ran nan. Ya kashe famfon rijiya, ya cusa buhu a bakin ramin, ya sa aka kwantar da duron don ya daina zuba.

"Malam, aje tiyon nan," in ji shi. Tun da na fara koyarwa haka yake kirana, rabi wasa rabi gaske.

"Baba, ai ramin zai tace shi."

"Mi zai tace? Zo ka gani."

Ya ɗebo ruwa a kwalba, ya ɗiga baƙin mai, man ya taso. Ya zuba ruwan shuɗin marfin, ya girgiza, ya miƙo mini.

"Nuna mani inda yake."

Babu abin nunawa. Ya ɓace cikin ruwan.

"Ramina abin da ke tasowa sama kawai ya sani. Wanga wucewa zai yi kamar baƙo, ya tafi kududdufi. Direban da ya kawo shi ma ya ce yana iya dagula ramin har mai ya bi shi."

Muna cikin haka manomin nan ɗan Bakura ya iso. Bayan doguwar gaisuwa ya ji labari, sai ya yi dariya.

"Alhaji, an ce yuriya ce a ciki. Ka bar shi ya zo, albasata ta samu taki."

"Albasarka na iya so, kifin fa? Shanu fa? Ko gishiri in ya yi yawa ɓata miya yakai."

Muka yini muna aiki. Aka kawo garin katako daga wajen kafintoci, muka zuba da yashi, muka tsotse abin da ke kan daɓe, muka kwashe cikin buhuna. Ɗaki na farko da na biyu muka ɗebe su da bokiti zuwa durorin da babu komai. Inda ruwan ya bushe sai ya bar farin gari kamar kanwa. Baba bai yi mini faɗa ba.

Amma wani abu daga ruwan ya riga ya wuce kududdufi. Kafin la'asar Baba ya sa hula ya taka har rugar dattijon nan bafulatani, ni ina biye. Bai gaya masa ni ne na kora ruwan ba.

"An yi ɓari a wurina, ya shiga ruwanku. Ka kawo shanu rijiyata su sha har mu ga yadda Allah zai yi."

Dattijon ya ce, "To, madalla da ka faɗa."

Washegari muka tarar da ƙananan kifaye sun taso a bakin lambatu, cikinsu sama. Ba su da yawa. Ni na kwashe su na binne.

Kusan mako biyu shanu suna zuwa filin. Muka yanka tsohon tanki gida biyu ya zama kwamin shansu. Sai ka ga tirela a gefe guda, farar saniya a ɗaya gefen, direbobi suna tsokanar dattijon ko shi ma a wanke masa nasa. Yakan zo da kindirmo a ƙwarya, su zauna da Baba suna hirar damunan da suka wuce da lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwan madatsar Bakolori. A nan na san ashe yana da baki.

Kafin hutuna ya ƙare Baba ya gina wa duron rumfa can nesa da lambatu, ya kewaye ta da ɗan bango mai tsayin taku guda, ya ajiye buhun yashi a ciki. Ni ya sa na kwaɓa simintin.

Yanzu ƙanena ke riƙe da wurin. Ƙafa ta hana Baba fita, dattijon kuwa ya tashi da iyalinsa zuwa kudu shekarun baya, ba mu sake jin duriyarsa ba. In na je gaishe da Baba yakan tambaye ni makaranta da yara, sannan ya ce in biya ta filin in ga ko ƙanen nawa yana share daɓe kafin ya sa ruwa. Nakan biya, in dawo in gaya masa abin da na gani.