Shafin Cigiyar Karnuka na Marlene

Marlene Duda ba ruwanta da siyasa. Motar 'yan makaranta ta tuƙa a ƙauyensu na jihar Ohio har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Da mijinta ya rasu ya bar mata tsohon karensa Tuck, sai ta buɗe wa garin shafi a intanet don cigiyar dabbobin da suka ɓata. Ka ga karen wani a hanya, ka ɗora hotonsa, mai shi ya zo ya ɗauka. Iyakar aikin shafin ke nan, kuma da shi take taƙama.

Sai aka yi zaɓen tsakiyar wa'adi. Gundumar da tun kakanni jam'iyyar shuɗi ke ci ta wayi gari a hannun abokan hamayyarta, 'yan jam'iyyar ja. Kafin rana ta take, shafin karnuka ya koma filin dambe. Masu murna na ta habaici, waɗanda suka sha kaye na kiran maƙwabtansu jahilai. In ta goge zagin 'yan ja, su ce an saye ta. In ta goge na 'yan shuɗi, ƙawayenta na coci su ɗauke mata kai. Rufe shafin kuma ta kasa, don ban da shi da Tuck ba ta da abin da ke tashinta da safe.

Wanda ya fi kowa zaƙewa Wendell ne, mai facin taya a bakin babbar hanya. Tsokana ce kawai irin tasa, tun yana yaro a kujerar bayan motarta haka yake. Amma 'yarta Joanne ta bugo daga birni ta ce in ba a kore shi daga shafin ba, ba za ta kawo jikoki cin talotalon bikin godiya na shekara-shekara ba. Marlene ta kore shi, ranta bai so ba.

Ana cikin haka Tuck ya sulale ta ƙofar baya. Ta ɗora hotonsa a shafin. Wani ya rubuta cewa ƙila shi ma sauya sheƙa ya yi, wata ta rama, aka dasa sabon faɗa a ƙarƙashin hoton. Ba wanda ya leƙa ko bayan gidansa. Tsoro ya kama ta sosai.

Washegari Wendell ya tsaya a ƙofarta, hula a hannu, wani abu lulluɓe da bargo a bayan motarsa.

"Madam Duda, jiya na ga Tuck yana bin gefen titi, ina ƙarƙashin motar mutane. Na ɗauki hotonsa zan saka, sai na tuna kin fitar da ni. Lambarki kuma ba ni da ita. Kafin in gama in bi shi, tirela ta riga ni."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce ya ɗauko shebur a gareji. Suna haƙa wa Tuck kabari a bayan gidan, wayarta na ta ƙugi a aljihu. A ƙarƙashin hoton Tuck har yanzu ana musun wanda ya saci ƙuri'a.