Golmo a Gindin Jirgi

Ina shekara ta bakwai a golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita, sai jirgin kaya ya faɗo a gonar surukina. Duk faɗin duwatsun Zuru bai ga wurin faɗuwa ba sai tsakiyar dawar da nake shirin yi wa maimai. Mutum uku ne a ciki, ba wanda ya fita. Kayan kuwa bokitan roba ne, ja da shuɗi, sun watsu har bakin rafi.

Kafin rana ta take sojoji sun kewaye gonar da igiya. Na ce a raina an hutar da ni. Ashe har lokacin ban gama sanin tsohon ba. Ya ce shi alkawarin noma muka yi, ba a yi maganar jirgi ba, in ciyawa ta cinye masa dawa to bana ba ta cikin bakwai ɗin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara shida ina duƙe a gonar mutumin nan, yarinyar ma har ta fara yi mini kallon tausayi.

Na saɓi fartanya na je wurin sajan da ke gadi. Allah ya taimake ni ɗan ƙasarmu ne, shi ma ya yi golmo, don haka ko dariya bai yi ba. Ya ɗaga mini igiya, da sharaɗin kada in taɓa kayan gwamnati. Kwana uku ina noma ina kewaye fiffike, ina kewaye inji, ko bokiti na tarar sai in zagaye shi. Masu binciken da suka zo daga Legas sun ɗauke ni hoto, ɗayansu ya tambayi saja ko ina da taɓin hankali.

Rana ta huɗu fartanyata ta tono yatsan ɗaya daga cikin mutanen jirgin, da zoben aure a jiki. Saja ya naɗe shi a hankici ya kai wa manyansa. Ni kuwa na zauna a kan kunya na kasa tashi. Tsoro ya kama ni, ga tausayin matar da ban taɓa gani ba.

Da la'asar tsohon ya hauro duba aiki, ya tarar da kunya goma ba a taɓa ba. Na gaya masa abin da ya faru. Ya cire hula, ya daɗe yana kallon ramin.

Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

"Allah shi jiƙan shi," in ji shi. "Shi dai ya auri tashi. Kai ne ba ka auri taka ba."

Ya miƙo mini fartanyata. Na ƙarasa kunyoyin ina kuka, yana bina a baya yana nuna mini inda na bar ciyawa.