Alwalar Baba Ummaru

Ƙarfe tara na safe ne, wata Lahadi da har yau ba ta fita raina ba. Muna ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti a birnin Madani: ni mai taimaka wa likita, Daktora, Baba Ummaru, da matarsa Hajja Hauwa.

Baba Ummaru manomi ne daga wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama. Tarakta ta kife da shi a bakin hawasharsa, wato gonarsa, lakar bayansa ta taɓu, ƙafafu suka mutu. Mafitsararsa ta daina jiran izini, sai ta matse ta zubar. Tun daga nan ya bar zuwa masallaci.

Ga tsarin aikinmu. Da farko a tambaya ko akwai ƙarfe a jikin mutum. Na biyu a karɓe waya da makullai. Na uku a kwantar da shi rubda ciki, a ɗora masa faifan maganaɗisu a ƙugu. Na'urar tana ƙas-ƙas, tana zungurar jijiyoyin da ke riƙe mafitsara ko za su lafa. Ba allura, ba yanka, kuma ba kowa take yi wa aiki ba.

Ranar nan Daktora ta tambaye shi yoyon. Ya ce, "Ya ɗauke ƙaf, 'yata."

Har mun fara murna, sai Hajja ta yi tsaki. "Ƙarya yake, Daktora. Ya ƙaurace wa tulu ne. Ko shayin safe ba ya sha. A wannan zafin!"

"Ke Hajja, wa ya sa bakinki?"

"Wadda za ta yi takaba in ka mutu."

Daktora ta duba leɓensa, duk ya tsattsage. Ta ce ƙishirwa za ta kashe masa ƙoda, kuma ai shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari sauƙi.

Ya ce, "Liman ya gaya mini. To amma hancin na kusa da ni a sahu bai karanta fiƙihu ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Juma'a ɗaya nake so. In ji kafaɗar mutum a jikin tawa."

Na miƙa masa kofi, na tsaya a kansa har ya shanye. Daga ranar muka sa doka: ba ruwa, ba na'ura. Yoyon ya dawo, sannan a hankali ya soma ja da baya, na gaskiya wannan karon. Ya kai yana riƙewa tsawon huɗuba, saura sallar.

A nan yaƙi ya iso Madani. Muka watse. Ban san inda na'urar take ba, ban san inda yake ba.

Aikin nan ya koya mini cewa majinyaci kan ɓoye abu saboda mutunci, ba don wauta ba. Ku ƙannena a wannan aiki, ku riƙa tambayar na gida.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai ƙauyukan Abu Na'ama, don Allah ka tambayar mini ko Baba Ummaru ya samu Juma'arsa.